Hangen Dala daga falo

Ranar Laraba abokiyar aikina ta dawo daga bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury na 2025. Muryarta ta dishe, rana ta ƙona mata hanci har ya fara saɓa. Ƙyallen shaidar shiga da ake ɗaura wa mutum a wuyan hannu ta yanke shi saboda dokar asibiti, amma ta kasa jefarwa, sai ta ƙulla shi a hannun jakarta. Muna ɗakin shan shayi na ce mata ai ni ma na kalla, tun yammacin Juma'a har daren Lahadi. Ta girgiza kai. Ta ce abin da na gani shirin talabijin ne da aka ɗauka a Glastonbury, ita Glastonbury ɗin kuwa ban gan ta ba.

Wani dattijo mai tura gadon marasa lafiya, wanda duk muke ganin girmansa, ya ajiye kofinsa ya shigar min. Ya ce shi ya je a 1997, shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har gonar ta koma caɓi. Kwana uku ƙafarsa ba ta bushe ba, mawaƙan da ya biya kuɗi don ya gani kuwa can nesa ya hango su kamar ƙwayar gero. Daga nan ya tuba. Yanzu ga kujerarsa, ga shayinsa, ga banɗakinsa mai tsabta taku biyar daga inda yake zaune. Ita ta ce tsufa ne, shi ya ce hankali ne, aka yi ta yi har lokacin hutu ya ƙare.

Ni ina bayan dattijon, sai dai dalilina daban ne da nasa, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai san abin ba, Glastonbury bikin kaɗe-kaɗe ne na kwana biyar da ake yi a ƙarshen watan Yuni a wata gonar shanun madara mai suna Worthy Farm, kusa da ƙauyen Pilton a yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila. Mai gonar, Michael Eavis, shi ya fara shi a watan Satumba na 1970. Kuɗin shiga fam 1, a haɗa maka da madara kyauta, mutum wajen 1,500 suka halarta. Yau wurin yana ɗaukar mutum wajen 210,000, gari guda na tantuna da ke tashi ya watse cikin mako ɗaya, kuma 'yarsa Emily ce ke riƙe da ragamar. Babban dandamalin suna kiransa Pyramid, don an gina shi da siffar dala, irin dalar gyaɗa ta Kano da muke gani a tsofaffin hotuna. Ranar da na fara ganinsa karin maganar nan ce ta faɗo min a rai, hangen Dala ba shiga birni ba. Tun 2019 nake hangen wannan dalar daga falona a Leeds, in ka cire shekara biyun korona da ba a yi ba.

Maganar kuɗi ce a gaba. Tikitin 2025 fam 373.50 ne, da ƙarin fam 5 na yanka. Sai ka yi rajista da hotonka tun da wuri, don hoton ake bugawa a jikin tikitin, ba damar ka sayar wa wani. Ranar da aka buɗe sayarwa a watan Nuwamba ko minti 40 ba a yi ba suka ƙare ƙat. Ni da maiɗakina kaɗai abin ya haura fam 750, ba a sa man mota na tafiyar awa huɗu zuwa biyar ba, ba tanti, ba abinci. Wannan ya fi abin da nake aika wa Hajiyarmu a Funtuwa na wata uku. Lasisin talabijin kuwa, kuɗin kallo da ake biya a Birtaniya, wanda dama muna biya, a 2025 fam 174.50 ne a shekara.

Amma ko kyauta aka ba ni tikitin, da sauran magana. Kwana biyar ne a cikin taron da giya take hannun mutane tun hantsi. Ba zaginsu nake ba, al'adarsu ce, kuma duk wanda ya je yana ba da labarin yadda mutanen wurin suke da fara'a da taimakon juna. Ni dai na san kaina. Ina zan yi alwala sau biyar, ga layin famfo, ga masan ramin nan da kowa ke ba da labarin warinsu? A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Leeds sai wajen goma saura minti ashirin na dare, daidai lokacin da babban mawaƙin ranar yake shirin hawa dandamali ke nan. A gida sai in danna rimot in tsayar da shi bakinsa a buɗe, mu yi magariba da yara, in dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. In wata ta fito da shigar da ba na so 'yata ta gani, ko wani ya fara zuba ashar, in koma wani dandamalin. Na san cikin masu karanta ni akwai waɗanda za su ce kiɗan ma gaba ɗayansa bai kamata ba. Ina girmama su, wannan magana ce ta wata rana. Abin da nake cewa shi ne, ga mutum irina talabijin ita kaɗai ce ƙofar da ta buɗe. Ba don ita ba, da har yau ban san me ake yi a gonar nan ba.

Daren farko ina tuna shi sarai. Na dawo daga aiki a gajiye, na kunna, sai ga Stormzy, yaro baƙi ɗan shekara 25 daga kudancin Landan, mahaifiyarsa 'yar Gana, sanye da rigar kariya daga sukar wuƙa mai tutar Birtaniya a jiki, wadda mai zanen nan Banksy ya yi. Shi ne baƙar fata ɗan Birtaniya na farko da aka ba jagorancin dare a dandamalin dala shi kaɗai. Ban san waƙarsa ko ɗaya ba a lokacin. Abin da ya riƙe ni fuskarsa ce, yadda yake duban taron kamar bai yarda da idonsa ba, da gumin da ke zuba masa. Na tsaya da jaka a kafaɗa kusan rabin awa ban zauna ba. Wanda yake can ƙarshen fili bai ga wannan fuskar ba sai dai a manyan allunan da ke gefen dandamali, kuma wannan ita ce hujjar da na fi kawo wa abokiyar aikina: yawancinku ma allo kuke kallo, a tsaye, ga tutoci sun tare muku rabi.

Ni hannu nake so in gani. Tun ina yaro in ana kiɗa hannun makaɗi nake bi da ido, yadda mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata, yadda mai gurmi yake ɗan danna kirtani ya saki. Kyamara tana ba ni wannan fiye da yadda kowane tikiti zai ba ni.

Bikin 2024 shi ne wanda ba zan manta ba. Ranar Asabar da tsakar rana Femi Kuti ya buɗe dandamalin dala, shekara 40 cif bayan mahaifinsa Fela ya yi wasa a gonar a 1984. Bayansa Ayra Starr ta hau. Da dare Coldplay suka sake kiran Femi ya busa tare da su. Ranar Lahadi da yamma Burna Boy ne. 'Yata tana ta ƙirga tutocin Najeriya a cikin taron tana kirana, "Abba, ga wata can!" Duk wannan ya yi min daɗi. Amma abin da na yi wa shiri tun mako biyu kafin nan wani ne daban, a wani ƙaramin dandamali da ake kira Park, ranar Lahadi bayan azahar: Mdou Moctar.

Ba'abzine ne daga yankin Tawa a Nijar, ya yi suna a Agadas, da hagu yake kaɗa jita. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba a son ya yi kiɗa. Waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su a 2008, da irin muryar kwamfutar nan ta waƙoƙin finafinanmu, suka bazu a sahara daga waya zuwa waya ba tare da wani kamfani ya buga su ba. Ina da aboki ɗan Tawa da ke tuƙa motar kai kaya a Bradford, shi ya fara sa min shi. Ya ce a tasha wani ya tura masa ta Bluetooth shekaru da yawa da suka wuce, bai ma san sunan mai waƙar ba. Na kira shi na ce ranar Lahadi gidana za ka yini.

Ya zo da 'yar butarsa da ƙananan kofunan gilashi da kilishi a takarda. Ba damar hura gawayi a bene, a kan gas ya dafa shayin, yana ta ƙorafin cewa ba zai yi daidai ba. Muna kofi na biyu suka fito. Kyamara ta sauka a kan hannun mutumin, yatsu dogaye suna gudu a kan waya ba tsinken kaɗawa, mai ganga a bayansa yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan kamar raƙumi ya fara sassarfa. Turawan da ke gaban dandamali da farko tsaye suke suna kallo kawai, can sai ka ga kawuna sun fara kaɗawa, sai kafaɗu. Abokina ya yi shiru. Rabonsa da gida tun kafin juyin mulkin Yuli 2023. Can ya ajiye kofi ya miƙe tsaye a tsakiyar falo ya fara tafi irin nasu, ya ce, "Malam, wanga kiɗi ba a jin shi zamne. Ƙara mana."

Na ƙara. Ya ce in ƙara. Na sake ƙarawa, sai na tuna maƙwabcina na ƙasa aikin dare yake, a lokacin yana barci. Na mayar da shi inda yake. Abokina bai ce komai ba, ya ɗan ci gaba da tafin, sannan ya koma ya zauna. Ya ce a Agadas in ana biki a waje ake yi, a shimfiɗa tabarmi, a tada janareto, lasifika ɗaya tsohuwa tana tsatsa, ƙura ta tashi har ba ka ganin na kusa da kai, amma kiɗan yana shigarka ta tafin ƙafa.

Na san abin da yake nufi, don na taɓa ji. Ina ɗan shekara goma aka yi wani biki a unguwarmu a Funtuwa aka kira Shata. Mu yara ba a bar mu mun matsa ba. Na hau katangar wani gida, ba abin da nake hangowa sai huluna da bayan manyan riguna da ƙura cikin hasken fitila. Fuskarsa ban gan ta ba ko sau ɗaya. Amma in kalangai suka sauka tare ina jin su a ƙirjina, har a haƙorana, in 'yan amshi suka karɓa sai duk filin ya karɓa tare da su, ni ma a kan katanga ina karɓa ba tare da na san na buɗe baki ba. Bayan nan na ga fuskar Shata a talabijin ba adadi, har ya rasu a 1999. Amma in aka tambaye ni yaushe na ga Shata, wancan daren nake faɗa. To a nan abokiyar aikina ta fi ni gaskiya, kuma ranar Laraba ban amsa mata haka ba, ya kamata in amsa.

Akwai wani abin da masu kallo a gida ba su cika lura da shi ba. Sautin da muke ji ba shi mutanen fili suke ji ba. Nasu daga manyan lasifikoki yake fitowa, ya gauraya da iska da muryar dubban mutane da ke rera waƙar tare. Namu kuwa daban ake haɗa shi, a cikin motoci a bayan dandamali, daga kowane makirufo kai tsaye. Shi ya sa in muryar mawaƙi ta ɗan kauce mu muke fara ji, tsirara, mu kuma muke fara yanke hukunci. Kowace shekara sai an yi ta cece-ku-ce a intanet, wance ba ita ke rerawa ba baki kawai take motsawa, wane ya tsufa muryarsa ta tafi. Ka tambayi wanda yake wurin ya ce shi bai ji komai ba, kuka ma ya yi don daɗi. Daren da SZA, mawaƙiyar Amurka, ta rufe bikin 2024, kyamara ta yi ta nuna inda fili ya yi sarari, ga ƙorafin makirufonta, kafin ta sauka magana ta riga ta zagaye ƙasar. Na ji tausayinta. Ni kaina na sami kaina ina ƙirga inda ba mutane maimakon in saurare ta.

Kuma mu ne masu yawa. Channel 4 ce ta fara nuna bikin a 1994, BBC ta karɓa a 1997. Daren da Elton John ya yi wasa a 2023 mutum sama da miliyan 7 suka kalla a gida. Ka kwatanta da 210,000 ɗin da ke gonar. Saboda haka abin da ƙasar nan take tunawa da sunan Glastonbury, wane ya yi kyau, wane ya faɗi, yawanci abin da kyamara ta zaɓa ne.

Nan ne inda raina bai kwanta ba. Idon da nake kallo da shi aro ne. Dandamali biyar ake haskawa kai tsaye a iPlayer, manhajar kallo ta BBC, alhali a gonar akwai wajen 100. Abokiyar aikina ta ce a duk kwana biyar ɗin abin da ya fi taɓa ta wani tsoho ne da ta tarar wajen ƙarfe uku na dare a wani ƙaramin tanti yana goga irin gogensu, mutum bai fi ashirin ba a zaune a ƙasa. Ba ta san sunansa ba. Kyamara ba ta zuwa irin wannan wurin, ba ta zuwa tantin da ake muhawarar siyasa, ba ta zuwa inda masu wasan igiya suke. A 2025 kuma abin ya fito fili. Kneecap, samari uku daga arewacin Ailan da suka yi ƙaurin suna wajen goyon bayan Falasɗinawa, Firayim Minista Keir Starmer ya ce bai dace a bar su su yi wasa ba. Masu bikin suka bar su, filin ya cika har aka rufe hanyar shiga, amma ba a haska su kai tsaye ba, sai daga baya aka sa wanda aka tace. Wata mata ce a cikin taron ta ɗaga wayarta ta haska a TikTok, jama'a suka yi ta tururuwa can. Waɗanda suka hau kafin su, Bob Vylan, su aka haska kai tsaye, mawaƙin ya ja taron da kiran mutuwa ga sojojin Isra'ila, BBC ta ce da ta yanke, ba a kuma sake saka shi ba. Ni ba na so yarana su koyi kiran mutuwa ga kowa a matsayin waƙa. Amma ranar na gane cewa rimot ɗin da nake taƙama da shi na biyu ne. Akwai wani hannu a gaban nawa da ya riga ya zaɓa, ni kuma ina zaɓa a cikin abin da ya bar min.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, a waccan Lahadin ta 2024, bayan Mdou Moctar da ɗan lokaci, Ingila ta buga da Sulobakiya a gasar Turai, masu bikin kuma ba su nuna wasan a manyan allunansu ba. Mutane suka yi ta cincirindo a kan wayoyi, mawaƙin nan Louis Tomlinson har talabijin ya kawo da janareto ya kafa a wajen tantuna. Ni da abokina muna zaune muka ga ƙwallon da Bellingham ya juya ya ci a ƙarshen lokaci, muka koma muka tarar da Burna Boy. Su ma ashe akwai Dalar da suke hange.

Shekarar 2026 ta hutu ce, babu biki. Bayan 'yan shekaru sukan bar gonar ta huta, ciyawa ta dawo, shanu su samu fili, mutanen ƙauye su sarara. Wannan ya burge ni fiye da komai game da iyalin Eavis, don duk ɗan manomi ya san amfanin saura. 'Yata ta ji ana faɗa a talabijin daren Lahadi, ta yi lissafi da yatsu. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kyauta suke shiga, ita kuma in an dawo a 2027 ta kai 13. Ta ce, "Abba, ke nan na rasa?"

Na gaya mata gaskiya, ban ga alamar za mu je ba, na kuma gaya mata dalili. Na yi mata alkawarin duk ranar da Mdou Moctar ko wani irinsa ya zo wani ƙaramin zaure a Leeds ko Manchester, zan nemi hanyar da za mu je mu tsaya kusa da mai ganga. Sai ta tambaye ni yaya ake jin kalangu a ƙirji, don ta sha jin labarin katangar nan. Na rasa yadda zan kwatanta mata. Na ɗauko 'yar lasifikar da ke kicin, na sa Shata ƙasa-ƙasa saboda maƙwabci, na ce ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ɗora, ta rufe ido, muka jira kalangai suka shigo.

Ta ce, "Abba, yana motsi."